Mita ta nuna om 60 amma U0100 ta ƙi tafiya: ƙwaƙwalwar inji ce ko waya?

Sabon_Rewaya:
Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema kafin a sa mai mota ya sayi abin da ba shi ne ya lalace ba. Mota ce ƙirar 2012, injin fetur, giya otomatik. Da sanyi tana tashi lafiya lau. In ta yi tafiyar minti 20 zuwa 30, sai allurar juyin inji ta faɗi ƙasa, fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, giya ta maƙale wuri guda. In an kashe ta an bari ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Ga kod ɗin matsala da sikana, na'urar binciken mota, ta karanto daga kowane modul, wato ƙananan ƙwaƙwalen motar. ABS, wato modul ɗin birki: U0100 da U0073. Modul ɗin giya: U0100. Dashbod: U0100. Sitiyarin lantarki: U0100 da U0121. Ƙwaƙwalwar inji kuwa babu kod ko ɗaya a cikinta. Na cire batir na auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD inda ake jona sikana, om 60.4. Da na mayar na buɗe ki, ƙafa ta 6 ta ba ni volt 2.6, ta 14 ta ba ni 2.4. Tunda waya lafiya, ƙwaƙwalwar ce ke nan ta fara mutuwa?

Sarkin_Fiyus:
Wa alaikumus salam. Wa ya ce maka waya lafiya? Ka auna mota tana sanyi, ita kuma cutar sai da zafi take tashi.

Baba_Makanike:
Yaro, ka yi ƙoƙari da ka kawo lambobin da wuraren da suka fito, yawanci sai mutum ya ce "ta nuna U0100" kawai ya yi shiru. To ka fahimci abin da lambar ke cewa. U0100 ba ta ce ƙwaƙwalwar inji ta lalace ba. Cewa take: ni ABS, ko ni giya, na saba jin saƙon ƙwaƙwalwar inji a kan lokaci, yanzu na daina ji. Ƙorafin maƙwabta ne. Dalilin shirun kuma uku ne: ko ba ta samun wuta da ƙasa, wato negatif, yadda ya kamata, ko wayoyinta biyu na CAN, layin da modul ke magana da juna ta kansa, sun yanke ko sun taɓa wani abu, ko ita kanta ta lalace. A wannan jerin ake bi, na ukun shi ne na ƙarshe.

Kuma ka lura da abu guda: modul huɗu sun yi ƙara, ita da ake ƙara a kanta ba ta ce komai ba. Da a ce tana raye aka yanke mata layi, da ita ma ta ajiye U0101 na giya ko U0121 na ABS ko U0155 na dashbod, don ita ma ta daina jin su. Wanda ya suma ba ya ba da labarin abin da ya faru lokacin da yake kwance.

Gwanin_Mita:
Baba ya riga ni. Tambaya ɗaya @Sabon_Rewaya, kuma amsarta za ta raba hanya biyu: lokacin da allurar ta faɗi, injin yana ci gaba da juyawa sumul, ko yana yankewa? In yana juyawa ba tangarɗa allura ce kawai ta faɗi, ƙwaƙwalwar na da wuta, layin magana ne ya katse. In yana yankewa ko na ƙiftawar ido ne, wutarta ce ke ɗaukewa.

Sabon_Rewaya:
Oga yana yankewa. Sai ka ji ya shaƙe kamar an kashe ki an sake buɗewa da sauri, sannan ya kama. Sau biyu kuma ya mutu gaba ɗaya.

Dan_Gareji22:
Ƙwaƙwalwa ce wannan, zafi ke buɗe mata dalma a ciki. A samo wata a gwada a huta da wahala.

Injiniya_Hauwa:
@Dan_Gareji22 "a samo wata a gwada" ba kamar sauya rile ba ne. Motar 2012 kusan duk tana da tsarin hana sata da ya ɗaure ƙwaƙwalwa da makulli. Ka jona wata, sitata za ta juya, inji ba zai tashi ba, ko ya tashi ya mutu bayan sakan biyu, kuma ba ka koyi komai ba game da cutar farko. Sai an haɗa ta da makullan, an rubuta mata lambar bodin motar, an tabbatar manhajar cikinta ta dace da ta giyar. In ba ta dace ba ka ƙaro wa kanka lambobin U0300 zuwa sama, waɗanda ke cewa manhaja ba ta jitu ba. Dalma na iya tsagewa, ban musa ba, amma sai an wanke wuta da ƙasa daga zargi tukuna.

@Sabon_Rewaya ga yadda za ka yi. Ka samo taswirar wayar motar, ka ware ƙafafun ƙwaƙwalwar kashi uku: wutar batir ta dindindin, wutar da ke zuwa ta babban rile bayan an buɗe ki, da wayoyin ƙasa, wato negatif da aka ɗaure a jikin inji ko bodi. Kada ka cire soket, ta baya za ka soka siririyar allura, inji yana aiki.

Ɓangaren ƙasa: baƙar wayar mita a kan negatif ɗin batir kansa, ja a ƙafar ƙasa ta ƙwaƙwalwa. Kada ya wuce volt 0.1. Ɓangaren wuta: ja a fozitif ɗin batir, baƙa a ƙafar wutar. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya. Volt 0.2 zuwa 0.3 ba laifi, in ya haura rabin volt akwai inda ke cin wuta: bakin fiyus, cikin rile, ko ramin da rile ke zama. Ka danna maɓallin da ke riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma a mitar, ka bar ta a jone har cutar ta tashi.

Sarkin_Fiyus:
Ƙari a kan na Injiniya: volt 12 da mita ke nunawa a wayar da ba ta ɗauke da lodi ba shaida ba ce. Silin waya ɗaya da ya rage a cikin kebul zai nuna maka 12.6 cif, don mita ba ta jan komai. In ka cire soket ɗin, ka jona ƙwan fitila mai wat 21 tsakanin ƙafar wuta da ƙafar ƙasa. Yana jan kusan amfiya 2. In ya yi haske ja-ja, ko yana rawa in ka girgiza akwatin fiyus, ka kama ɓarawo. Amma ƙwan nan kada ya kusanci wayar CAN ko wayar sensa.

Almajirin_Waya:
Ku yi haƙuri da ƙaramin cikinku. Me ya sa om 60? Wani ya ce min 120 ne daidai.

Gwanin_Mita:
Ƙanena, duka biyun suna da asali. Layin CAN mai sauri waya biyu ne a murɗe da juna, CAN-H da CAN-L. A kowane ƙarshen layin akwai rizista mai om 120 da ta haɗa wayoyin biyu, don kada siginar ta buga ƙarshen waya ta dawo kamar amsa-kuwwa ta ɓata saƙon da ke bayanta. Biyu masu 120 a jere kafaɗa da kafaɗa suna ba da 60. Yawanci suna ɓoye a cikin modul biyu, sau da yawa ɗaya a ƙwaƙwalwar inji, ɗayar a dashbod ko modul ɗin bodi ko ABS. Taswira ce za ta faɗa maka.

Ka ga 120, to mitarka rizista ɗaya take gani: layi ya yanke tsakaninka da ɗayar, ko an cire modul ɗin da take ciki, ko ta ƙone. Ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun manne. Ka ga wajen 40, an ƙara ta uku, galibi wata na'ura ce da aka jona daga baya. Bayan wannan ka auna kowace waya zuwa bodi, dole ya zama dubban om ko fiye, ba ɗaruruwa ba. Duk wannan batir a cire, kuma ka ɗan jira minti biyu ko uku wutar da ta saura a cikin modul ta sauka, in ba haka ba mita za ta yi ta yawo.

Abin da 60 ke tabbatarwa ɗan kaɗan ne: babbar hanya daga rizista zuwa rizista a haɗe take a daidai lokacin da ka auna. Modul da ke rataye a reshe, reshensa zai iya yankewa ɗungurungum, kai kana ganin 60 a soket kana murna.

Kwakwalwa60:
Kuma wannan ma sai in soket ɗin OBD yana kan layin kai tsaye. Motoci da yawa suna da getwe, modul da ke tsaye a tsakiya yana miƙa saƙo daga layin inji zuwa na bodi zuwa na rediyo. A irinsu ƙafa ta 6 da ta 14 a getwe suka tsaya, gajeren layi ne na sikana kawai. Za ka auna ka ga 60, ko 120, ko wani abu dabam, kuma babu ruwansa da layin inji. Alamar da za ka gane: ka buɗe ki ba tare da sikana ba, ka ga wayoyin biyu sun tsaya cak ba motsin saƙo. Shi @Sabon_Rewaya ya ga 2.6 da 2.4 ba sikana a jone, alama ce saƙo na gudana a wurin, don haka ina kyautata zaton nasa a kan layin yake. Duk da haka ya duba taswira.

Sababbi kuma sun ƙara wani shinge. Motocin Chrysler da Jeep da Ram daga wajen 2018 suna da getwe na tsaro, sikana marar izini za ta karanta kod amma ba za ta goge ba, ba za ta kunna komai ba. Kada mutum ya ɗauka layi ne ya lalace.

Dan_Gareji22:
To in ba 60 ba ne ai layi ya lalace, ko wace mota ce. Wannan dai kowa ya yarda.

Injiniya_Hauwa:
A'a Malam, ban yarda ba. Dokar 60 ta layi mai sauri ce, mai kilobit 500 a sakan. Akwai CAN marar sauri mai jure matsala, wanda ba ya wuce kilobit 125, da ake sa wa ƙofofi da kujeru da esi a motocin Turai da yawa na shekarun 2000. Shi ba shi da rizista biyu a ƙarshe, kowane modul da nasa, kuma wutarsa dabam ce: in yana hutawa CAN-H na kusa da sifili, CAN-L na kusa da volt 5. Waya ɗaya ta yanke, ya ci gaba da aiki da ɗayar. Wanda ya je masa da dokar 60 da 2.5 zai yanke wa lafiyayyen layi hukunci. Motocin GM da yawa kuma suna da CAN mai waya ɗaya tal a ƙafa ta 1, kilobit 33.3. Ford da yawa suna da layi na biyu a ƙafa ta 3 da ta 11, kilobit 125, kuma ƙaramar sikana ba ta ma san yana nan ba. A sababbin motoci masu magana da sikana ta Ethernet, ƙafafun 3 da 11 da 12 da 13 na wannan aikin ne. Ƙafa ɗaya, aiki dabam-dabam, ya danganta da mota.

Mai_Sikop:
Ni U0073 ɗin nan da ke cikin ABS ce ta tsaya min a rai, kuma na ga kowa ya tsallake ta. Ita ba "na daina jin wane" take nufi ba. Cewa take modul ɗin ya cire kansa daga layi. Kowane modul na CAN yana da ƙidayar kuskure. Duk lokacin da ya aika saƙo aka ɓata shi, ƙidayar ta ƙaru da 8, in saƙo ya wuce lafiya ta ragu da 1. Ta haura 127, ya rage baki. Ta haura 255, ya yi shiru gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwar inji in ta ɗauke wuta ta yi shiru kawai, sauran za su ci gaba da hirarsu, rizistar cikinta ma tana nan tunda ba ta buƙatar wuta. To me ya ɓata wa ABS saƙo har sau talatin da wani abu a jere? Akwai abin da ke taɓa layin kansa. U0121 da sitiyari ya ajiye ma shaida ce cewa ABS ta ɓace na wani lokaci.

Baba_Makanike:
Tambaya mai kyau, amma tana da amsa a cikin zargin farko. Modul da wutarsa ta yanke tsaf, shiru yake yi. Wanda wutarsa ke lilo tsakanin volt 6 da 8, yana farfaɗowa yana sumewa, shi ne mai ɓarna: ya fara saƙo ya bari a rabi, ya riƙe layi, ya saki. Haka wanda ƙasarsa ta yi sako-sako. Ban ce babu cuta ta biyu ba, na ce a fara da wadda ke kashe inji.

Mai_Sikop:
Na yarda da jerin, Baba, amma sikop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo, zai raba gardamar a zama ɗaya. @Sabon_Rewaya in kana da mai tasha biyu: ta farko a ƙafa ta 6, ta biyu a ta 14, ƙasa a ƙafa ta 5 ko negatif ɗin batir. A allon, volt 1 kowane gida, lokaci mikirosakan 50 kowane gida. Lafiyayyen layi yana hutawa a 2.5 duka biyun, in saƙo ya zo CAN-H ya hau 3.5, CAN-L ya sauka 1.5, kamar mutum da hotonsa a madubi. Kowane bit mikirosakan 2 ne, cikakken saƙo mai bayit 8 kusan mikirosakan 250. A wutsiyar kowane saƙo za ka ga ɗan tsini da ya fi sauran tsawo. Kada ya tsorata ka, amsar "mun ji" ce, modul da yawa ne ke danna layi a lokaci guda.

Abin da za ka nema: saƙon da ya ɗaga sama gaba ɗayansa, H da L tare, alhali na gabansa da na bayansa suna daidai. Wannan mai aikowar ƙasarsa ba ta da kyau. Kusurwoyi masu rawa bayan kowace hawa, rizistar ƙarshe ta ɓace. Layi biyu sun zama ɗaya a 2.5, sun manne. Duka sun faɗi kusa da sifili, ɗaya ta taɓa bodi. Sun haura wajen 12, ɗaya ta taɓa wuta. Mita ba za ta nuna maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba in na ɗan lokaci ne, matsakaici kawai take bayarwa. 2.6 da 2.4 ɗin nan matsakaici ne.

Wani abin mamaki: CAN-L ta taɓa bodi, sau da yawa mota na ci gaba da tafiya da 'yan kurakurai, don CAN-H na iya hawa ta samar da bambanci. CAN-H ce in ta taɓa bodi komai ke tsayawa.

Sarkin_Fiyus:
Kafin sikop: an jona mata tiraka? Rediyon da ba nata ba? Na'urar tayar da mota daga nesa? Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, duk inda ka ga baƙin tef da ba na kamfani ba a kan murɗaɗɗiyar waya, ka kwance. Masu jona tiraka suna feƙe wayar CAN su naɗa tasu a kai ba dalma ba matsi, wasu su ɗauki wuta daga wayar babban rile.

Sabon_Rewaya:
Babu tiraka Oga, rediyo nata ne. Batir 12.5 a kashe, 14.1 inji na aiki, lokacin tayarwa ba ya sauka ƙasa da 10.4.

Gwanin_Mita:
Batir ya fita daga zargi. Saura abu guda da ba a ambata ba: volt 5 da ƙwaƙwalwa ke bai wa sensoci. Sensa ɗaya ta yi shot a ciki in ta ji zafi, kamar ta matsin gas ɗin esi ko ta kiranshaf ko ta totur, sai ta ja volt 5 ɗin ƙasa. A wasu ƙwaƙwalen wannan na kashe su gaba ɗaya har sikana ta kasa shiga. Ka sa mita ta biyu a wayar volt 5 ta kowace sensa mai waya uku da ke kusa da hannu. In ta faɗi lokacin cutar alhali volt 12 na ƙwaƙwalwa na nan, sai ka riƙa cire sensocin ɗaya bayan ɗaya har ta dawo.

Hasken_Dashbod:
Tunda ana maganar layi, ku taimaka: motar da altanetarta ke da siririyar waya ɗaya zuwa ƙwaƙwalwa, wannan ma CAN ce?

Kwakwalwa60:
Galibi LIN ce. Waya ɗaya, tana lilo tsakanin kusan sifili da wutar batir, gudunta bai wuce kilobit 20 ba. Akwai shugaba ɗaya da ke tambaya, sauran ba sa magana sai an kira su. Ana sa ta a altaneta, sensar batir, injin waifa, maɓallan gilashi. Da mita za ka ga wani abu tsakanin volt 7 da 11 yana ɗan motsi in ana magana. Ya tsaya daidai da wutar batir ba motsi, babu mai magana. Sifili, ta taɓa bodi ko wani daga cikin yaran ya riƙe ta. Babu maganar om 60 a nan ko kaɗan. Amma ka buɗe naka zaren, kada mu kauce wa na bawan Allah.

Almajirin_Waya:
In an rasa wanda ke ɓata layi, ba sai a riƙa cire modul ɗaya-ɗaya ba har layi ya dawo?

Injiniya_Hauwa:
Haka ake yi, da sharaɗi uku. Ka kashe ki kafin kowace cirewa. Ka san waɗanne biyu ne ke ɗauke da rizista, don in ka cire ɗaya layi zai koma 120, sai ka sa rizistar om 120 a bakin soket ɗin ta tsaya a madadinta. Na uku, ka duba ko layin ratsa modul yake yi. A motocin GM da yawa wayoyin suna shiga modul ta ƙafa biyu su fita ta wasu biyu, ka cire shi ka yanke duk na bayansa, sai ka ɗora wa marar laifi laifi. A nan sai ka yi gada tsakanin masu shiga da masu fita. Motocin da ke da mahaɗa guda inda rassa suka taru, kamar Toyota da yawa, sun fi sauƙi: a mahaɗar za ka zare reshe ɗaya-ɗaya. Fara da waɗanda ke shan ruwa da zafi, ABS da na giya da na ƙarƙashin kujera ko kafet. Soket mai ruwan ɗorawa na jakar iska kuwa, kada mitar om ta taɓa shi, kuma kada a cire shi sai batir ya jima a cire.

Sabon_Rewaya:
Na dawo da sakamako. Ƙasa: 0.04, ba ta motsa ba har cutar ta tashi. Volt 5 na nan daram sai lokacin da komai ya ɗauke. Wutar dindindin lafiya. Wutar da ke fitowa daga babban rile: da sanyi asarar 0.4, bayan minti 25 ta kai 1.8, lokacin da injin ya shaƙe mitar ta riƙe 6.3. Na zare rilen, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, robar ramin ta narke kaɗan, bakin ƙarfen ciki ya buɗe har rilen na girgiɗi.

Sarkin_Fiyus:
Ga ƙwaƙwalwar da aka so a saya.

Baba_Makanike:
Madalla. Amma kada ka sauya rile kaɗai. Bakin ƙarfen da ya sha zafi ya rasa ƙarfin kamu, ko ka matse shi da allura zai sake buɗewa. Zare shi daga akwatin, yanke wayar har inda jan ƙarfen ke ƙyalli, sa sabon baki. Ka gwada kamunsa da ƙafar tsohon rile, ya riƙe ta sai ka ja da ɗan ƙarfi. Sannan ka auna amfiyar da ke bi ta layin, ka duba me da me ke cin wuta daga rilen nan. In kwayil ko hitar sensar hayaƙi na ja fiye da kima, sabon bakin ma zai ƙone.

Dan_Gareji22:
Na karɓi gyara. A sa dalma a bakin dai, matsi kaɗai ba ya riƙewa.

Gwanin_Mita:
Matsi da filayar da ta dace ya fi dalma a wurin da ke girgiza. Dalma na bin cikin silin waya ta sandare, sai ta karye daidai inda ta tsaya. Kamfanonin mota da kansu matsi suke yi.

Injiniya_Hauwa:
Wasu kamfanonin littafin gyaransu ya ce a matse sannan a ɗiga dalma kaɗan, wasu sun hana. A bi na motar. Inda babu saɓani shi ne gyaran wayar CAN kanta: kauri ɗaya, tsawon biyun ɗaya, a mayar da murɗin, kada a bar fiye da santimita 5 a warware, kuma kada haɗin biyun ya zo wuri guda, a ɗan gocar da su. A rufe da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki.

Sabon_Rewaya:
An sa sabon baki da sabon rile. Asara yanzu 0.15 da zafi. Na goge kod duka, an yi tafiyar awa ɗaya da rabi, inji bai shaƙe ba, U0100 ba ta dawo ko'ina ba. Sai dai da na sake karantawa, U0073 na cikin ABS, a matsayin wadda ta faru ta wuce. Fitila ba ta kama ba.

Mai_Sikop:
Ita ce na ce ta tsaya min a rai.

Baba_Makanike:
Kada mu yi saurin cewa cuta ta biyu ce. Ka tabbata ta gogu tun farko? Wasu modul ɗin ABS ba sa karɓar gogewa in inji na aiki, wasu sai an kashe ki an buɗe. Kuma in ka zare rile ko wani soket bayan gogewar ki a buɗe, kai ka sa ta.

Kwakwalwa60:
Ko sikanar ce da kanta. Mai arha da aka bari a jone ana tafiya, ko wadda kanta ke rawa a soket, tana iya ɓata layi. Duba ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin ma, in an saba cusa musu bakin mita suna buɗewa. Ka goge, ka karanta nan take ka ga babu, ka cire sikana, sannan a fita.

Mai_Sikop:
Duk mai yiwuwa ne. Amma in ta dawo bayan haka, @Sabon_Rewaya ka buɗe bayanan da modul ya ajiye tare da kod ɗin, ka kawo mana gudun mota da wutar batir a lokacin, da ko sitiyari ya sake ajiye U0121. Sannan ka zare soket ɗin ABS ka haska ciki da tocila, ka nemi kore-koren tsatsa a ƙafafun CAN, ka auna asarar babbar wayar ƙasarsa lokacin da famfon ABS ɗin ke aiki, ba yana hutawa ba. Sikana za ta iya kunna maka famfon mota na tsaye. Nawa mitar ta nuna?